IDAN AN RUFE MAKARANTA, WA ZAI ZAUNA DA YARO?

 

Ya ku 'yan'uwana samari na Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, darasinmu na wannan karo a kan wani hakki ne wanda da yawa daga cikinmu ba mu san yana wuyanmu ba, sai ranar da ya faɗo mana, watau karatun yaran gidanmu a lokacin da aka rufe makaranta. Na ce da samari nake magana, domin a galibin gidajenmu saurayi shi ne wanda ya fi kowa iya riƙe alƙalami, shi ne mai waya a aljihu, kuma shi ne mai lokacin da bai san yana da shi ba.

Ku tuna shekarar 2020. Ranar 23 ga watan Maris aka rufe makarantun Jihar Kano saboda annobar korona. A tsakiyar Afrilu aka sa dokar kulle, azumi ya same mu a cikinta. Ban da 'yan ajin ƙarshe waɗanda aka mayar a watan Agusta domin jarrabawa, sauran yara ba su koma aji ba sai wajen tsakiyar Oktoba. Ka lissafa da kanka, ya ɗan'uwa: sama da kwana 200 ke nan. An rufe makaranta ana tsakiyar zafin bazara, ruwan farko bai sauka ba. Ba a buɗe ta ba sai da aka yi shuka, aka yi noma da maimai, aka girbe gero. Damina guda cur yaro bai ga allon aji ba.

Kada wani ya ce ai wannan ya wuce. A watan Disamba na shekarar 2020, bayan an kwashe ɗalibai a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, aka sake rufe makarantun Kano. A ƙarshen Fabrairu 2021, bayan abin da ya faru a Jangebe ta Jihar Zamfara, aka rufe waɗansu makarantun kwana da ke wajen birni. A 2025 kuma hutun azumi ya kai kusan mako 5. Yau annoba ce, gobe tsoron ɓarayin mutane, jibi wani dalili. Allah Ya kiyaye mu, amma mai hankali ba ya jira sai ruwa ya tsuge sa'an nan ya fara neman inda soro ke yoyo.

REDIYO TA YI NATA

A waccan shekara gwamnatin jiha ta sa darussa a gidajen rediyo da talabijin domin yara su bi daga gida. Wannan abu ne mai kyau, kuma mu ba baƙin karatu ta rediyo ba ne. Iyayenmu da yawa ta akwatin rediyo suka fara jin fassarar Alƙur'ani da Hausa, lokacin da Rediyon Kaduna ke watsa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi, Allah Ya jiƙansa. To, amma dattijon da ya kasa kunne ga tafsiri da kansa ya zauna, da niyyarsa, da hankalinsa. Yaro ɗan shekara 8 fa?

Malamin rediyo ba ya ganin yaro. Bai san ya riƙe fensir a karkace ba, bai san ya tashi bin akuya ba, bai san tun jimla ta biyu aka bar shi a baya ba. Zai yi tambaya, ya ɗan dakata, ya ce madalla, alhali kuwa babu wanda ya amsa. Da idona na ga wannan a gidanmu: rediyo tana rataye a jikin rumfa tana koyar da lissafi, yara suna can suna langa, matan gida suna daka. Idan an tambaye mu sai mu ce ai yaranmu suna karatun rediyo. Ina karatun yake? Kaji ne kaɗai ba su bar wurin ba.

Masu bincike ma sun gwada wannan. A ƙasar Botsuwana, a 2020, an ɗauki gidaje kimanin 4,500 aka kasa su. Waɗansu aka riƙa aika musu tambayoyin lissafi ta saƙon waya kawai duk mako. Waɗansu kuma, ban da saƙon, sai wani mutum ya kira ya yi minti 15 zuwa 20 yana bin tambayoyin tare da yaro da wani babba na gidan. Da aka zo aunawa, yaran da ake kira su ne suka ci gaba a fili. Saƙo shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba. Watau darasin iri ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne an sami mutum. A gidanku, ya ɗan'uwa, wannan mutumin kai ne, kuma kai ba sai an kira ka a waya ba, kana nan a soro.

DAGA INA WANNAN HAKKI YA HAU KANKA?

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Malik ɗan Huwairis (R.A.). Shi da waɗansu samari tsaransa suka zo Madina suka zauna wajen Manzon Allah (S.A.W.) kwana 20 suna koyo. Da ya ga sun fara kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sa'an nan ya umurce su da su koma cikin iyalansu su zauna, su koyar da su. Ka dubi wannan da kyau. Samari ne, ba shehunnai ba. Kwana 20 kacal suka yi. Amma ba a ce su dakata sai sun zama malamai ba, kuma ba a tura su wani gari mai nisa ba, gida aka mayar da su. Kai da ka yi shekara 12 a makarantar boko, ka sauke ko ka kusa, wane uzuri ya rage maka?

A nan ƙasarmu ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta tsara abin da ake kira 'Yan Taru: mata jajis suna zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, su koma su koyar da matan da ba su da halin fitowa. Karatu daga nesa ke nan, tun babu rediyo. Amma lura, ba takarda kaɗai take aikawa ba, mutum take aikawa da ita.

Ina faɗin wannan ne domin akwai wani ciwo a cikinmu mu masu son wa'azi. Saurayi zai hau babur daga Rano ya tafi har Tarai ko Rurum don a ba shi lasifika, amma ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana aji 4 bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma bai sani ba. Wallahi bai sani ba, domin bai taɓa tambaya ba.

Idan wani ya ce, to Malam, Alƙur'ani na yarda, amma boko fa? Sai mu ce masa, malaman tarihi sun ambata cewa bayan yaƙin Badar waɗansu fursunoni waɗanda ba su da abin fansa, fansarsu ita ce kowane ɗaya ya koya wa yara 10 na Madina rubutu. Fursunonin nan mushirikai ne, ba Alƙur'ani suka koyar ba. Yaron da bai iya karanta takardar magani ba, ko awon taki, ko yarjejeniyar jinginar gona, kullum a hannun wani yake.

YADDA ZA KA ZAUNA DA SHI

Fara da gwaji, ba da koyarwa ba. Kada ka tambaye shi aji nawa yake, domin aji ba ya nuna abin da ke kai. Bankin Duniya da waɗansu hukumomi sun ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 7 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Saboda haka ka rubuta masa jimla biyu da Hausa ka ce ya karanta. Ya kasa? Rubuta kalmomi ɗai-ɗai: gida, rago, tuwo. Ya kasa? Koma kan baƙaƙe. Inda ya tsaya, nan ajinsa yake, ko da takardar makaranta ta ce aji 5. Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka bari 'yan'uwansa su yi. Haka za ka yi a lissafi: ƙidaya, tarawa, ɗebewa da aro, sa'an nan ninkawa da rabawa. Kuma ka fara da Hausa. Yaron da ya iya karanta harshensa ya riga ya san yadda baƙi ke zama sauti, Turanci zai zo masa da sauƙi. Wanda ya fara da ajami a makarantar allo, kada ka raina abin da ke hannunsa, ka gina a kansa.

Sa'an nan ka yanka lokaci guda, ka tsare shi kamar yadda kake tsare lokacin kallon ƙwallo. Na san da damina safiya ta gona ce, kuma ba na ce a hana yaro taimakon mahaifinsa ba. Amma tsakanin Azahar da La'asar fa, ko bayan Magariba? Rabin awa ya isa ga ƙaramin yaro, babba kuma kada a wuce awa guda. Kada ka tara masa karatun mako a yini ɗaya don ka huta. Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ran Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya kuma bayyana cewa haka Manzon Allah (S.A.W.) yake zaɓar musu lokaci. Idan an ji tsoron ƙosawar sahabbai, ina ga yaron da abokansa ke kiransa daga waje?

Idan darasin ta rediyo ne, ka san lokacinsa tun jiya. Ka duba batir. Ka shimfiɗa tabarma minti 5 kafin a fara, littafi da fensir suna hannu. Ka zauna kusa da shi, ba a bakin ƙofa kana latsa waya ba. Idan malamin ya yi tambaya, ka sa yaron ya amsa da ƙarfi. Abin da ya wuce da sauri ka rubuta a gefe, ko ka naɗi darasin a wayarka don ku maimaita. Da an gama, kashe rediyo ka ce: to, gaya mini abin da malam ya ce. Nan ne za ka gane ko ya shiga. Minti 10 ɗin nan na bayan darasi sun fi darasin kansa amfani.

Babu rediyo, babu wuta, babu littafi? Akwai ƙasa da tsinke. Akwai gawayi da bango. Akwai buhun taki da rubutu a jikinsa. Ka aike shi ya sayo sabulu, ka sa ya faɗi canjin tun kafin ya fita. Ku ƙidaya kunyoyin gona, ku lissafa mudu nawa ne a buhu, idan an ci kaza kullum kwana nawa zai kai. Wannan lissafi ne na gaske, kuma mahaifinku da ya ga haka zai daina ganin karatun a matsayin abin da ke ɗauke masa ma'aikaci.

Waya kuwa, a hannunka za ta zauna. Akwai darussa masu amfani a intanet. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF sun buɗe wani dandali na darussan firamare da sakandare mai suna Nigeria Learning Passport. Amma miƙa wa yaro waya ka tafi majalisa, ka ce yana karatu, wannan yaudarar kai ce. Kai kanka da gemunka, sau nawa ka buɗe ta don duba abu ɗaya ka wayi gari a wani wurin?

BULALA

A nan zan daɗe kaɗan, domin a nan ne ni kaina na faɗi.

Lokacin kullen nan na ɗauki ƙanena, yana da shekara 9, na ce sai ya haddace jadawalin ninkawa. Ina sabon gama jami'a, ina ji da kaina. Kullum da tsumagiya a gefena. Mako biyu ya yi, da ya ji motsin takalmina sai ya shige ɗakin mahaifiyarmu. Wata rana na tambaye shi 6 sau 7, abin da ya faɗa daidai jiya, sai ya tsaya yana kallon hannuna, bakinsa yana rawa. Ba tambayar yake ji ba, tsumagiyar yake kallo. Da dare Inna ta kira ni ta ce: “Malam ƙarami, yaron nan fa ya fara fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara 4.” Ba ta ƙara komai ba. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan magana. Na jefar da tsumagiyar, amma sai da na yi kusan wata guda kafin ya yarda ya zauna kusa da ni ba tare da ya ɗaga kafaɗa ba.

Na san abin da wani zai ce: ai hadisi ya zo da dukan yaro a kan salla. Na'am, Abu Dawuda ya ruwaito shi. Amma ka karanta shi duka. Umurni ake farawa da shi a shekara 7, ba a ambaci duka ba sai a shekara 10. Shekara 3 ke nan, salla 5 kullum, sama da sau 5,000 ana tunatarwa da baki. Kuma a kan salla ne, ginshiƙin addini, kuma malamai sun sharɗanta kada ya zama mai cutarwa, kada a taɓa fuska. Kai kuwa sau biyu ka faɗa masa 6 sau 7 ka ɗauko bulala. Da wane dalili? Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ba da shaida cewa bai taɓa ƙyararsa ba. Mu da muke cewa sunna muke bi, wannan ma sunna ce, ba ɗage wando kaɗai ba.

Galibin dukan da muke yi ba tarbiyya ba ce, huce haushi ne. Kasuwa ta tsaya, aljihu babu komai, an kulle mu a gida, sai mafi rauni a gidan ya biya. Idan ka ji ranka ya ɓaci, ka rufe littafin ka tashi. Darasin gobe yana nan.

Kuma ka sani yaro yana jin tsoro kamar yadda kake ji, sai dai shi ba shi da majalisar da zai je ya faɗa. A watan Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da labarin yawan mace-mace a birnin Kano ya cika ko'ina, manya suna zaune suna lissafin wanda ya rasu, yara suna gefe suna ji. Haka kuma lokacin Ƙanƙara da Jangebe. Yaron da ya ji an kwashe ɗalibai da dare, yaya kake so ya ji idan ka ce masa gobe makaranta? Ka tambaye shi abin da ya ji. Ka gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka nuna masa hotunan da ke yawo a waya. Ka koya masa addu'ar kwanciya barci ku yi tare. Ka bar shi ya yi wasa, domin Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya tsaya yana tambayar wani ƙaramin yaro, ƙanen Anas, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Kafin ka buɗe littafi kuma ka tambaya ko ya ci abinci, ka taɓa goshinsa. Da damina zazzaɓin sauro ya fi lalaci yawa a cikin abin da muke kira lalaci.

ƘANWARKA

Idan an rufe makaranta, namiji yana asarar karatu, mace kuwa sau da yawa makarantar take asara gaba ɗaya. Ranar farko za a ce tun da tana gida ta ɗebo ruwa. Mako na biyu an ɗora mata farantin talla. Kafin a buɗe makaranta gida ya saba da kuɗin tallan, ko kuma an karɓi kayan wani. A ƙasar Saliyo, lokacin cutar Ebola, an rufe makarantu kusan wata 9 tsakanin 2014 da 2015, an sa darussa a rediyo kamar namu, amma 'yan mata da yawa ba su koma ba, da yawa kuma sun sami ciki a wannan tsakani. Mu ma kowa a cikinku zai iya ƙirga 'yan matan unguwarsu da suka fita aji a Maris 2020 ba su sake shiga ba.

Kai ne yayanta, maganarka tana da nauyi a gidan. Ba na ce ka ɗaga wa iyayenka murya ba, Allah Ya tsare. Ka sami Baba a keɓe bayan ya ci abinci ka ce: “Baba, ina neman alfarma, a bar mini ita rabin awa bayan La'asar.” Ka sami Inna ka tambaye ta wane aiki ne yarinyar take yi a wannan lokaci, sa'an nan kai ka ɗauke shi. Ruwa ne? Ɗauki jarka ka ɗora a babur. Itace ne? Faskara. Roƙon da ba a haɗa shi da ɗaukar aikin ba, kwana 3 zai yi ya mutu, domin tuwo ba zai jira karatu ba. Idan kuwa ribar tallan ce gidan ke ci, to ka auna ta da abin da kake kashewa a data da teburin mai shayi a mako, ka ga ko ba za ka iya cike gurbin ba.

Kada kuma tabarmar ta tsaya a kan 'yan ɗakinku. Ɗan kishiyar mahaifiyarka ƙanenka ne. Marayan da ke maƙwabtaka, da yaron da aka dawo da shi daga almajiranci, kamar yadda aka yi ta mayar da almajirai garuruwansu a 2020, su ma su zauna. Yara 5 ko 6 a soro ɗaya ba su fi ƙarfin mutum guda ba, in dai ka kasa su bisa ga inda kowa ya tsaya, ka sa wanda ya iya kalmomi ya ja wanda ke kan baƙaƙe. Idan rufewar ta annoba ce, sai a bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce game da taruwa, a tsaya a kan 'yan gida.

Ranar da aka buɗe makaranta, kai za ka riƙe hannunsu ka kai su, mace da namiji. Ka nemi malamin ajin, ka gaishe shi da girmamawa, ka gaya masa inda kowane yaro ya tsaya: wannan ta iya jimla, wannan har yanzu ɗebewa da aro yana ba shi wuya. Ka karɓi lambar wayarsa tun yanzu da makaranta take buɗe, domin ranar da za a rufe ba a yin sallama. Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya gwada yaran gidansu da jimla biyu ɗin nan, ya rubuto a takarda yaro nawa ne suka karanta, nawa ne suka tsaya a kalma, nawa ne a baƙi, mu duba tare.